Zuwa ga Uwargida Kwalara, Baƙuwar da Harare Ta Kasa Hana wa Biza



Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da ke, wato daga nesa kuma ba musabaha, na rubuto ne a kan ziyarar da kika kai Zimbabuwe daga watan Agustan 2008 zuwa tsakiyar 2009. Lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce kin kwantar da mutum fiye da 98,000, kin kashe sama da 4,200, kin kuma taka dukkan lardunan ƙasar goma. Tun daga lokacin ake rubuta wannan adadi a ƙarƙashin sunanki ke kaɗai, ke kuma kin yi gum kin karɓa, wataƙila don yana ƙara miki kwarjini a cikin 'yan'uwanki cututtuka. To ni ban yarda ba. Ba wanke ki na zo yi ba, kowa ya san hannunki da jini. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma ina da hujjar cewa ba ki da ƙarfin yin wannan ɓarna ke ɗaya. Wasu ne suka yi miki rabin aikin tun kafin ki iso, suka kuma riƙe miki fitila kina yin sauran.

Bari in fara da tona miki asiri. Cikin cututtuka masu suna, da wuya a samu wadda maganinta ya kai naki araha. Dabararki ɗaya ce tak: ki tsiyaye ruwan jikin mutum ta amai da gudawa, gudawar nan fara tsululu, har idanu su zurma, murya ta dushe, fatar hannu in an tsunkule ta ta tsaya a tattare ta ƙi komawa. Cikin 'yan sa'o'i ƙato yakan zama abin ɗauka a tabarma. Amma duk wanda aka mayar masa da ruwan da kika zubar ya tsere miki. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri. Wanda ya galabaita kuma a ɗaura masa ƙarin ruwa. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash da ke cikin Indiya, Dokta Dilip Mahalanabis ya ga ledojin ƙarin ruwa sun ƙare, ya sa 'yan'uwan marasa lafiya suna ɗura musu ruwan gishiri da sukari, mace-macen suka faɗo daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Hanyar shigarki kuwa tun 1854 John Snow ya gano ta a Landan, ya sa aka cire hannun famfon titin Broad. Saboda haka ne masana suka ce inda ana kula da mutane yadda ya kamata, bai kamata ki kashe ko mutum ɗaya cikin ɗari da kika kama ba. A Zimbabuwe kin kashe fiye da huɗu, kuma fiye da rabinsu a gida suka cika ko a hanya, ba su ga gadon asibiti ba. Ɗayan nan na bar miki shi. Ukun da suka rage nake neman mai su.

Harare tana shan ruwan tafkin Chivero, tafkin kuma yana ƙasan gari, inda magudanan ƙazantar garin suke gangarawa. Garin da aka gina haka rayuwarsa tana rataye da matatar ruwa ta Morton Jaffray da sinadaran da ake zuba mata, irin su alam da kulorin, waɗanda sai da kuɗin waje ake sayen yawancinsu. A da hukumar birni ce take riƙe da wannan aiki. Da birane suka koma zaɓen jam'iyyar adawa ta MDC, sai gwamnatin Robert Mugabe ta karɓe ruwan Harare a 2005 ta miƙa wa hukumar ruwa ta ƙasa, ZINWA, wadda ba ta da kuɗin aikin, ba ta da isassun ma'aikatansa. Bututun ƙazanta ya fashe a garin Chitungwiza da unguwar Budiriro ta Harare, ba mai zuwa gyara. Famfo ya ƙafe makonni, mutane suka haƙa 'yan gajerun rijiyoyi a tsakar gida, taku kaɗan daga inda ruwan masai yake kwance a kan titi yara suna tsallakewa zuwa makarantar da ba malamai. Ranar 1 ga Disamba 2008 aka rufe ruwan babban birnin ƙasa ɗungurungum saboda sinadaran sun ƙare. Faɗa mini gaskiya, uwargida, a duk yawonki na duniya an taɓa yi miki shimfiɗa irin wannan?

Da kika shigo kuma ba ki tarar da mai tare ki ba. Gwamnati da bakinta ta ce hauhawar farashi ya kai kashi miliyan 231 cikin ɗari a watan Yulin 2008, daga nan ta daina ƙirgawa. A watan Janairun 2009 aka buga takardar kuɗi ta dalar Zimbabuwe tiriliyan 100. Albashin ma'aikaciyar jinya bai isa kuɗin motar zuwa aiki ba, abin da banki ya yarda mutum ya cira a rana kuma bai sayen burodi, bayan ya kwana a layi. Likitoci suka ajiye aiki, wasu suka tsallaka Afirka ta Kudu da Ingila. A watan Nuwamban 2008 manyan asibitocin Harare suka rufe ɗakunansu, har da na Parirenyatwa, wanda ke ɗauke da sunan mahaifin ministan lafiya na lokacin. Ko sukarin cokali shidan nan ya zama kayan gabas a kantunan da ba komai a kan katakonsu, wanda aka ce ya tafasa ruwa kuma ba lantarki ba kananzir. Shugabanni fa? An yi zaɓe ranar 29 ga Maris 2008, aka riƙe sakamakon fiye da wata guda, aka ce Morgan Tsvangirai na MDC ya zo gaba amma sai an je zagaye na biyu, aka yi ta duka da kisa har ya janye, Mugabe ya yi takara da kansa ya ci. A watan Yuni aka hana ƙungiyoyin agaji aiki, ba a sake su ba sai ƙarshen Agusta, daidai lokacin da kike kwance kayanki a Chitungwiza. Ranar 15 ga Satumba aka sa hannu a kan yarjejeniyar raba mulki a gaban Thabo Mbeki, shugaban Afirka ta Kudu na lokacin, sannan aka shafe kusan wata biyar ana jan-in-ja a kan wanda zai riƙe ma'aikatar cikin gida, mai iko da 'yan sanda. Ban ji an yi irin wannan kokawa a kan wanda zai riƙe famfo ba.

A nan ne zan yaba miki, in yabo ya halatta. A watan Nuwamban 2008 Kofi Annan da Jimmy Carter da Graça Machel suka so shiga ƙasar su ga halin da mutane suke ciki, suka maƙale a Johannesburg saboda an hana su shiga. Gwamnati ta ce ita ɗage ziyarar kawai ta yi. 'Yan kallon zaɓe na Turai an hana su, 'yan jaridar waje ana kamawa. Ke kaɗai ce mai bincike da ta shiga ba biza, ta zaga unguwa-unguwa, ta fitar da rahoton da ba a iya riƙe shi wata guda kamar sakamakon zaɓe ba. An dai gwada. A farkon Disamba gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci ta nemi agaji, mako guda bayan haka, ranar 11 ga wata, Mugabe ya tsaya a wajen wata jana'iza ya ce likitoci sun tsayar da ke, babu sauran kwalara a ƙasar. A lokacin matattu ba su kai 800 ba, wato fiye da 3,000 suna nan tafe. A ranar ce kuma Afirka ta Kudu ta ayyana yankin Vhembe, na kan iyaka, a matsayin wurin da bala'i ya afka wa. Washegari kakakin Mugabe ya ce ai shugaba gatse ya yi, ministan yaɗa labarai Sikhanyiso Ndlovu kuma ya ce ke makami ce da Ingila ta harbo. Ina fata kin ji daɗin wannan ƙarin girma, daga mai bin lambatu zuwa sojar Sarauniya.

Na san abin da za a ce mini. Na farko, takunkumi. Gaskiya ne Amurka ta yi dokar 2001 da ta toshe wa Zimbabuwe hanyar rance daga manyan bankunan duniya, Tarayyar Turai ta bi da nata a 2002, kuma wanda ya ce wannan bai taɓa aljihun ƙasa ba ya yi son kai. Sai dai Bankin Duniya ya riga ya daina ba ta rance tun kafin dokar, saboda bashin da ta kasa biya. Takunkumi bai karɓe ruwan Harare daga hannun hukumar birni ba, bai kori ƙungiyoyin agaji ba, ba shi ne kuma ya sa babban bankin ƙasa ya taɓa dalar Amurka miliyan 7.3 na Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ba, kuɗin da sai da aka yi tsiya-tsiya aka mayar. Kuma duk da takunkumin an samu abin yanka shanu a bikin cikar shugaba shekara 85 a Chinhoyi a watan Fabrairun 2009, kina tsakiyar aiki. Na biyu, damina. Ruwan sama ya taimake ki daga Nuwamba, ban musa ba, amma Agusta a can tsakiyar rani ne, ba kamar nan ba. Kin fara ne ƙasa tana bushe ƙamas. Na uku ya fi nauyi, don ya shafe mu: a 2021 kin kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, kin kashe sama da 3,500, Bauchi da Jigawa da Kano da Zamfara suna kan gaba, alhali akwai shugaba, akwai majalisa, naira tana sayen burodi. Ina rushewar take? Amsar ita ce ke ba kya leƙa fadar gwamnati in za ki auna ƙasa. Famfo da masai da ɗakin shan magani kike dubawa, kuma a ƙauyen da babu ukun nan, a wajenki babu gwamnati ko da ana rantsar da ita duk shekara huɗu. Abin da ya bambanta Zimbabuwe shi ne ƙasa ce mai mutane wajen miliyan 12 da ta taɓa samun duka ukun a biranenta, da tsarin lafiyar da maƙwabta suke sha'awa, sannan ta sake su da hannunta.

Saura maganar matafiyi, mai tambayar ko lafiya lau ne ya je kallon magangarar ruwa ta Biktoriya. Ofisoshin harkokin waje sun rubuta masa gargaɗi: ya sha ruwan gora, ya guji ƙanƙara, ya ci abinci da zafinsa, ya ɓare 'ya'yan itace da kansa, ya wanke hannu. Shawara ce mai kyau, kuma abin da ya fi ba ni haushi shi ne ta wadatar. Wanda yake da dala a aljihu da otal mai rijiyar burtsatse, da wuya ki same shi. Ke da shi kun san haka. Haɗarinsa na gaske a 2008 yana wani wuri: motarsa ta kife a hanyar Bulawayo a rasa man motar asibiti, a kai shi asibitin a tarar ba likita ba jini, ko ya ɗaga kyamara a gaban shingen 'yan sanda a ce ɗan jarida ne. Wasu sun ce kada kowa ya je, kuɗinsa zai ciyar da azzalumai. Akwai gaskiya a ciki, amma masu yawon buɗe idon da suka koma kallon ruwan daga Livingstone, ta ɓangaren Zambiya, mai sassaƙa da mai kai abinci a tebur suka fi yi wa rashi. Ministoci ba su rame ba. Akwai kuma wani matafiyin da ba wanda ya rubuta wa gargaɗi, wanda ya bar Beitbridge da dare ya ratsa kogin Limpopo, ga kada ga 'yan fashin daji, yana neman Musina ta Afirka ta Kudu inda ya ji asibiti na aiki. Shi ne ya fi kowa tafiya a 2008, shi kika raka, a jikinsa kika tsallaka iyaka. Da Amurka ta janye gargaɗinta a watan Afrilun 2009, bayan an kafa gwamnatin haɗaka an kuma koma ciniki da dalar Amurka, abin da ta tabbatar shi ne baƙo zai iya zuwa ya koma lafiya. Bututun Budiriro ba ya cikin lissafin.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da kika dawo a watan Satumban 2018, Mugabe bai cika shekara da sauka ba, kika sauka a Glen View da Budiriro, unguwannin da kika sani, rijiyoyin da kika sani. Sabon ministan kuɗi Mthuli Ncube ya hau Twitter ya miƙa ƙoƙon bara, yana roƙon 'yan ƙasa su tara kuɗin yaƙi da ke, su kuma suka tambaye shi kuɗin sababbin motocin manya daga ina suka fito. A 2023 kika sake ɓullowa ta garin Chegutu, a watan Nuwamba Harare ta sake ayyana dokar ta-ɓaci. Roƙona gare ki guda ne: in an zo rubuta adadin, ki buɗe baki ki ce a raba shi, ki ɗauki ɗaya cikin ɗari da yake naki, sauran a kai ofishin da ya sa hannu a kan kasafin ruwa.

Wassalam. Kada ki wahalar da kanki da kawo amsa da hannu.