Babbar Riga a Mashigi

Ana ta yi mana kurin ƙasar Maldib, mai tsibirai kusan 1,200, inda baƙo ke tsallakawa daga wannan zuwa wancan a jirgin ruwa mai gudun tsiya. Ni ban ga abin ɗaga hanci ba. Mu Gobirawa ba baƙin tsibiri ba ne, garin da kakanni suka kafa kusa da Maraɗi bayan yaƙin Gawakuke na 1836 ma Tsibiri sunansa. Kuma in kogunan Bunsuru da Gagare suka tumbatsa a watan Agusta, Gulbin Maraɗi ya kawo tasa gudummawar, sai ƙauyukan fadamar Isa da Sabon Birni su wayi gari tsibirai, ba biza ba fasfo.

Abin da na kafe a kai shi ne jirgin fitonmu ya fi na Maldib koyar da tarbiyya, don a cikinsa ne kaɗai girma ba ya aiki. A dubi Alhaji ranar kasuwa. Ya iso mashigi, babbar riga ta sha bugu, sai mai fito, yaron da bai kai ɗan autansa ba, ya ce, "Baba, a tattare riga a tsuguna nan." Nan ɗin kuwa tsakanin buhun albasa ne da babur a kwance, ga akuya tana ɗanɗana masa aska takwas. Da an tada inji feshin farko ya tafi da hula, kafin ya gama salati an miƙa masa gwangwani ya taya kwarfar ruwa. Kuma zai kwarfa, har ya fi yaron himma, mutumin da a gida ko buta ba ya ɗaukar wa kansa.

Za a ce nasu akwai lokacin tashi. Mu ma akwai: in jirgi ya cika. Matsalar dai mai fito bai taɓa yarda ya cika ba. Za a ce nasu kowa da rigar ceto. Nan kam na sunkuyar da kai, don lodin wuce kima yana cin rayuka a gulbin Rima, kuma wannan ba abin dariya ba ne. Amma ko an raba rigar, wa zai fara cewa ba ta dace da rawaninsa ba? Alhajin nan ne, wanda yana taka tudu zai matse riga, ya gyara murya, ya ce kuɗin fito sun yi yawa.