Gwamnatin da ta biya 110 a kan aikin 100

Na san halinku sarai. Da zarar an ce wata gwamnati za ta rage wa mutum haraji don ya gyara gidansa ya daina shan wuta da gas, sai a fara kallon juna ana murmushi. Alhaji mai gidajen haya ya tura hula gaba ya ce, "Wace gwamnatin? A wace duniyar?" Malam kuma, wanda rediyo ba ta barin kunnensa, ya ce ai tatsuniyar Turawa ce. To ku gyara zama, yau na zo muku da wadda ta fi ƙarfin taɓe baki. Akwai ƙasar da ta ce wa mutanenta: ku gyara gidajenku, duk wanda ya kashe 100 zan mayar masa da 110.

Hajiya, na ji kin ce ƙarya fure take. Ki bari in kai aya.

Italiya ce, a watan Mayun 2020, lokacin da korona ta rufe kasuwanni, magina suna zaune a gida ba aiki. Gwamnatin Firaminista Giuseppe Conte ta fito da wani shiri mai suna Superbonus. Dalilinta ba na wasa ba ne. Hunturun arewacin Italiya ba irin namu ba ne da ake kora da bargo da kaskon wuta. Wata da watanni ake yi ana ƙona gas don ɗumama ɗakuna. Gidaje da yawa kuwa an gina su tun kafin 1976, shekarar da ƙasar ta yi dokarta ta farko kan tsimin makamashi a gini, saboda haka ɗumin da aka saya da kuɗi ta bango da taga yake sulalewa. Gas ɗin ma sayo shi ake yi daga waje, kuma kafin yaƙin Yukren kusan kashi 40 cikin 100 na wanda ake shigowa da shi daga Rasha yake zuwa. Gwamnati ta ga in aka toshe wannan ɓarna, magini ya samu aiki, mai gida ya samu sauƙi, hayaƙi ya ragu.

Kada Alhaji ya ɗauka fenti za a shafa a karɓi kuɗi. Sharaɗi ne a yi babban aiki. A lulluɓe bangon waje da faifan wani abu mai kauri kamar soso, a manna shi, a kafe shi da ƙusoshin roba, a shimfiɗa raga a kai sannan a yi filasta. Ko a cire tsohuwar tukunyar ɗumama gida a sa na'urar da ke zuƙo ɗumi daga iskar waje. In an yi ɗaya daga cikin manyan, sai ƙananan su biyo baya: sababbin tagogi, farantan sola a kan rufi, batir, har wurin cajin mota mai lantarki. A can kowane gida yana da matakinsa na shan makamashi, daga G na ƙasa har zuwa A, kuma dole injiniya ya sa hannu cewa aikin ya ɗaga gidan da mataki biyu. In an cika, wanda ya kashe Yuro 100,000 za a zabtare masa 110,000 daga harajinsa, a rarrabe cikin shekara biyar.

Na ga Malam ya ɗaga yatsa, kuma tambayarsa tana da kyau, Allah ya ƙara basira. "Wanda duk harajinsa na shekara bai taka kara ya karya ba fa, daga ina za a zabtare masa?" Su ma sun yi wannan tunanin. Sai suka ce ba dole ka jira ba. Kana iya miƙa wa ɗan kwangila haƙƙinka na rangwamen, shi ya yi maka aiki ba ka ba shi ko sisi ba. Shi kuma ya kai takardar banki ya sayar, banki ya cire nasa, ya riƙa amfani da ita wajen rage harajin kansa. Wannan goman da ke kan ɗarin, domin ladan banki aka sa ta.

Yanzu kuma bari in juyo kan Kanawa, tunda ku kuka ce da ciniki aka yanke muku cibi. A ce ka shiga Kantin Kwari sayen shadda, an ce maka duk abin da mai shago ya faɗa wani ne zai biya, kuma za a ƙara maka kashi goma a kai. Don Allah ka gaya mini gaskiya, za ka taya? Mai shago zai samu damar cewa "albarka"? Ya ce dubu hamsin, kai da kanka za ka ce ya duba dai, ko ta saba'in ce. Kun yi shiru. Abin da ya faru a Italiya ke nan. Mai gida ba ya jin zafi a aljihunsa, ɗan kwangila ba ya tsoron a tafi wajen wani, banki yana jiran takarda. An dai sa iyaka a kan farashin kowane irin aiki, amma iyakar sai ta zama ita ce farashin kowa. Kayan gini suka yi tashin gwauron zabo. Ƙarafan da magina ke kafawa su hau bene suka zama sai da layi. Sababbin kamfanonin gini suka tsiro dubbai, wasu masu su ba su taɓa riƙe cebur ba. Mario Draghi, wanda ya gaji Conte a 2021, kuma tsohon shugaban Babban Bankin Turai ne, ya fito fili a 2022 ya ce bai gamsu da shirin ba, dalilinsa kuwa shi ne ya kashe tayi tsakanin mai gida da magini.

Alhaji, na ga ka fara washe baki, kana jiran in zo kan ɓarayi. Ga su nan. An yi takardun ayyukan da ba a taɓa yi ba, a kan gidajen da wasu ma babu su, aka sayar da takardun hannu zuwa hannu har sawu ya ɓace. Jami'an da ke farautar masu zambar haraji sun ƙwace takardun bogi na biliyoyin Yuro. Wanda ya tuna badaƙalar tallafin man fetur ta 2012 a Najeriya, inda aka karɓi kuɗin man da bai sauka ba, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sai dai a yi adalci: zambar farko ta fi kamari a wani shiri ɗan'uwansa, na gyaran fuskar gini da ake mayar da kashi 90, domin shi ba a tsaurara masa binciken injiniya ba sai a ƙarshen 2021.

Lissafi kuma ya zo. Da farko an yi kiyasin shirin ba zai kai Yuro biliyan 40 ba. Ya haura biliyan 120. Gine-ginen da aka gyara kusan 500,000 ne, abin da bai kai kashi 5 cikin 100 na gine-ginen zama a ƙasar ba, kuma a cikinsu har da gidajen hutu na masu hali da 'yan tsofaffin fadoji. Giɓin kasafin Italiya na 2023 ya wuce kashi 7 cikin 100 na arzikin ƙasa. Masu bincike a Babban Bankin Italiya sun ƙiyasta cewa wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ayyukan da aka tallafa, masu su da ma za su yi ko ba a ba su komai ba. A Fabrairun 2023 gwamnatin Giorgia Meloni ta hana sayar da takardun ga sababbin ayyuka. Kafin nan ma bankuna sun ƙoshi, sun daina saye. Ƙananan 'yan kwangila suka rage da takarda a hannu ba kuɗin biyan lebura, wasu iyalai kuma suka rage da gida a buɗe, an cire tsofaffin tagogi, sababbi ba su iso ba.

"Ba mun faɗa ba!" Na ji ku, har da tafi. Amma ku dakata, kada ku yi saurin kai labarin nasara gida. Abin da kuka faɗa shi ne gwamnati ba za ta biya ba. Ta biya, har ta wuce gona da iri. Kun ce aikin bogi ne. Bangayen nan suna nan a lulluɓe, farantan suna kan rufi, masu gidajen suna ganin bambanci a takardar kuɗin gas, kuma harkar gini tana cikin abubuwan da suka ɗaga tattalin arzikin ƙasar bayan korona. Abin da ya lalace daban, abin da kuka yi hasashe daban.

Ga kuma abin da ba ku so in ambata. Italiyar nan dai tana da rangwamen gyaran gida don tsimin makamashi tun 2007, kashi 55 da farko, daga 2013 ya koma 65. Ya yi shekaru fiye da goma yana tafiya, ba wanda ya ji baitulmali ya yi kuka, domin mai gida shi ke fara biya kuma saura yana kansa, saboda haka yakan kira magini biyu ko uku ya ji bakinsu. Amurka ma da ta faɗaɗa nata a dokar da Joe Biden ya sa wa hannu a Agustan 2022, kashi 30 ta tsaya, kuma ta sa iyakar Dala 1,200 a shekara kan irin su tagogi da lulluɓin bango. Shi ma gwamnatin Donald Trump ta yanke masa wa'adi zuwa ƙarshen 2025, wanda ya nuna wani ciwon: mai gini yana lissafin shekara talatin, ɗan siyasa yana lissafin zaɓe mai zuwa.

Ni dai hukuncina, ranku ya daɗe, rangwamen haraji kan ginin da ke tsimin makamashi abu ne mai kyau, muddin an bar wa mai gida kason da zai sa ya buɗe baki ya taya, kuma an sa wa jimillar kuɗin iyaka tun ranar farko. Superbonus bai yi ko ɗaya ba. Su kansu Italiyawan sun sauko da shi zuwa kashi 70 a 2024, sannan 65 a 2025, daidai inda tsohon shirin yake kafin a fara wannan hidima. Alhaji, kana iya mayar da hularka daidai.