Gemai-gemai da Kai, Kana Haɗa Jirgin Roba?

To, masu dariya, ku matso kusa, yau ranarku ce. Tunda labari ya bazu cewa wane ya sayo kwalin gutsattsarin roba yana haɗa jirgin yaƙi mai saukar ungulu a kan tebur, babu irin maganar da ban sha ba. Wani ya ce aikin banza ne, harara a duhu. Wani ya ce a yi mini addu'a. Abokin wasana Bazazzagi kuwa cewa ya yi dama Bakano in ya rasa abin sayarwa a Kantin Kwari, sai ya koma wasan yara. Na ji, na gode. Yanzu ku ba ni aron kunnuwanku in amsa muku ɗaya bayan ɗaya.

Tambayar farko, wadda kowa ke jefowa yana ƙunshe dariya: "Yana tashi?" A'a, Malam, ba ya tashi. Taswirar Najeriya da ka rataya a falonka, ana noma a kanta ne? Ana yin samfuri ne don a ga surar abu daidai da yadda yake, a ƙanƙance. A jikin kwalin za ka ga an rubuta 1/72, wato kowane santimita ɗaya a kan teburina santimita 72 ne a jikin jirgin gaske. Jirgin da nake haɗawa Mi-24 ne, ƙirar Tarayyar Sobiyet, wanda ya fara tashi a 1969, ya shiga aikin soja a 1972, ya kuma yi suna a yaƙin Afganistan tsakanin 1979 da 1989. Faɗin da'irar farfelarsa mita 17.3 ne. Raba da 72, ka sami santimita 24. Matuƙin da ya kai mita 1.8 ya dawo santimita 2.5, kuma wannan ɗan tahalikin sai an shafa masa fenti a hula, a fuska, a takalma. Wanda idonsa ya fara gajiya sai ya nemi ma'aunin 1/48, inda farfelar ke kaiwa santimita 36. Ka ga tun ba a buɗe gam ba an fara lissafin da wasunku suka gudu suka bari a aji uku.

Alhaji kuma ya leƙo ya ce, "Ai wannan jikana ma zai haɗa kafin la'asar." Allah ya ja zamanin Alhaji, bismillah, ga kujera. Kwalin kamfanin Zvezda na Rasha yana ɗauke da gutsattsari fiye da 200, dukkansu maƙale a jikin firam ɗin roba, kowanne da lambarsa. Da reza ake yanko su, a goge bakin da samfefa, a gwada su ba gam tukuna a ga ko sun zauna. Wasu ba sa ɗaukuwa da yatsa, sai da matsefata, in kuma ɗaya ya yi tsalle ya faɗa kan darduma, to sai dai a yi masa fatan alheri. Gam ɗin ma ba irin na liƙa takalmi ba ne. Narkar da fuskar robar yake yi, ɓangarorin biyu su haɗe su zama abu ɗaya, saboda haka ɗigo ɗaya da ya zarce, ko yatsa ɗaya da ya taɓa wurin, ya bar tambarin da sai an sa foti an goge kafin ya ɓace.

Sannan a zo kan gilashin. Mi-24 yana da kujeru biyu a jere, maharbi a gaba, matuƙi a bayansa a ɗan sama, kowanne a ƙarƙashin kumburarren gilashinsa. Duk wanda ya yi gaggawa ya ɗiga wa wannan gilashi sufa-gulu, tururinsa zai mayar da shi fari fat, matuƙi ya koma tuƙi cikin hazo har abada. Farin gam na kafintoci ake sa masa. Kafin fenti kuma sai an yanka tef siri-siri an rufe kowace taga, a bar firam kaɗai a buɗe. Alhaji, har yanzu jikan yana nan, ko ya tafi ƙwallo?

Wani mai kaifin ido ya zagaya teburin ya ce, "Ai jirgin naka a karkace yake." Madalla da wannan ido! Sai dai ƙorafin ba nawa ba ne, a kai shi ofishin ƙira na Mil da ke Mosko. Injiniyoyinsa da gangan suka karkatar da babbar farfelar digiri 2.5 zuwa dama, don ƙaramar farfelar wutsiya tana tura jirgin gefe idan ya tsaya cak a sama. Wanda ya miƙar da nasa samfurin sambal shi ne ya kauce. Haka nan farfelar jiragen Rasha, in ka dube ta daga sama, tana juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya, ta yawancin jiragen Amurka kuwa akasin haka. Ka liƙa fukafukanta biyar a juye, masana su gane daga bakin ƙofa. Kuma idan jirgi na ajiye, fukafukan nan sukan ɗan sunkuyo saboda nauyinsu, don haka sai an lanƙwasa na roba a hankali, ba tare da sun karye ba.

Hajiya tata damuwar daban ce: warin fenti da teburin da aka mamaye. Hajiya, kina da gaskiya, an buɗe taga. Amma ki tausaya wa mai fenti a lokacin hunturu, wanda ya gama shafa launin ƙasa da kore, ya juya baya, ƙura ta sauka ta yi masa ado kyauta. Shi ya sa ake kifa kwali a kan jirgin har ya bushe. Bayan nan a jiƙa tambura a ruwa, su saki takardarsu, a zame su a kan jikin jirgin da burushi. A nan ne abin ya zo gida, domin Mi-35, wato irin wannan jirgi da ake sayar wa ƙasashen waje, yana cikin jiragen Rundunar Sojin Saman Najeriya, Nijar ma tana da shi. Wanda ya sa wa nasa da'irar kore-fari-kore, sai ya binciko wane iri ne: Mi-35M tayoyinsa ba sa naɗewa, fukafukansa na gefe sun fi gajarta, farfelar wutsiyarsa kuma mai huɗu ce, ba uku ba. Matuƙan Sobiyet suna kiran jirgin Kada, kuma da ka kalli hancinsa ba sai an yi maka bayani ba.

Saura masu cewa wasan yara ne. A 1942 Rundunar Sojin Ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa samfuran jirage 500,000 da katako, a wannan ma'auni na 1/72, don a koya wa sojoji bambanta jirgin gida da na abokan gaba. Dabarar mai sauƙi ce: samfurin da ke nesa da kai mita 10 daidai yake a ido da jirgin gaske a mita 720. A Ingila, garin Telford na cika duk watan Nuwamba da dattawa masu furfura da suka zo baje kolin abin da suka haɗa, a Japan kuma birnin Shizuoka, gidan kamfanin Tamiya, yana da nasa bikin a watan Mayu. Su duka a yi musu addu'ar?

Kuma ku da kuke dariya, ina ce ku ne kuka tashi kuna fere karan dawa kuna yin mota da jirgi, kuna yanka gwangwanin madara, kuna lanƙwasa langa-langa, kuna yanko taya daga tsohon silifa? Ba mai zane, ba takardar umarni, amma kowa ya san motar wane ta fi kama da ta gaske. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero a Kano ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin mota da tarkacen ƙarafa, har kafofin labaran duniya suka ɗauka. Hannun nan muna da shi. Abin da ke kashe shi shi ne ranar da aka ce wa yaro, "Ka girma, bar wannan shirme."

Kuɗin kuwa, wanda ke zuba data kullum yana musu a kan Arsenal da Chelsea har tsakar dare, bai dace ya tambaye ni lissafi ba.

Saboda haka, Malam, Alhaji, Hajiya, da kai Bazazzagi, ƙofa a buɗe take. Duk wanda ya zauna ya liƙa gilashin gaban nan ba tare da ya bar sawun yatsa ba, na ba shi izinin yi mini dariya har shekara. Wanda ya kasa kuma, idan ya ga yaronsa yana fere kara, ya saya masa reza da gam, ya ja bakinsa ya yi shiru.