Ladubban Kai Haja Cikin Waya

Ya kai Alhajin Kantin Kwari, wanda ya saba shimfiɗa atamfa da shadda a gaban mai saye, a taɓa, a ɗaga, a yi tayi a ce albarka har a kai ga sallamawa, ga shi yau zamani ya matsa maka lamba sai ka ɗora hajarka a WhatsApp, zuciyarka rabi tana marmari rabi tana ƙyama, ka kwantar da hankalinka, domin al'amarin yana da ladubbansa, kuma wanda ya iya lissafin bashin dillalai a ka ba zai gaza koyonsu ba.

Ka sani cewa hoton da aka ɗora a sitatus awa 24 yake yi ya gushe, saboda haka sabunta shi hidimar kullum ce. Ka damƙa ta ga yaron shago, amma ka riƙa bin bahasin data, kada rabinta ta tafi kallon ƙwallon Ingila.

Babbar mas'ala ita ce launi. Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffa, muddin kayan ya zo kamar yadda aka siffanta shi. Alhali kuwa fitilar shago da gilashin waya, idan suka haɗa baki, suna iya mayar da ruwan ƙasa ruwan zuma, har Hajiyar da ke Damagaram, wadda ta aiko a ɗaura mata turmi 20 na ankon biki, ta kwance ɗaurin ana saura kwana biyu kamu, ta ga abin da ba shi ta zaɓa ba. Ka fitar da yadin waje da hantsi, ka ɗauki hotonsa a hasken rana, sannan ka siffanta shi da bakinka, har da aibinsa in yana da shi. A wurina wannan shi ne rabin fiƙihun sana'ar.

Game da saƙon murya, kada ka yanke gaisuwa, domin tambayar iyali da gajiya ita ce ɗan abin da ya rage mana na zaman shago, kuma ni ina jin zafin raguwarsa ƙwarai. Sai dai idan ka kai ga lafiyar dabbobi, ka faɗi farashi. Wanda kuma ya tambayi kuɗin kala goma da ƙarfe sha biyun dare, ya ce zai waiwaye ka, ka yi masa uzuri, ka kwanta.

Amma tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, da ciniki ya koma tiransifa, mazambata sun ƙware wajen turo hoton rasit na bogi. Ko da mai saye ya yi rantsuwa, ko da direba yana ta kira daga tasha cewa mota ta cika, kada ɗauri ya bar shago sai ka buɗe asusunka da kanka ka ga kuɗin sun zauna.