Masu Neman Jijiya

Hannun roba da ake koyo da shi a makarantar koyon aikin jinya ba ya ihu, ba ya fizgewa, ba shi da suruka tsaye a gefen gado tana harara. Jijiyarsa ƙatuwa ce, kuma ramukan allurar 'yan ajin bara sun riga sun nuna hanya. Shi ya sa kowane ɗalibi gwani ne kafin a tura shi asibiti. Ranar da Sista ta miƙo kanula ta ce, "Je ka sa wa Baban can, za a ɗaura masa ruwa," ranar ake sanin waye waye.

Akwai Na-Littafi. Wannan ya haddace komai. Zai gaya maka kanula koriya lamba 18 ce, mai ruwan hoda 20, shuɗiya 22, rawaya ta jarirai 24, kuma gwargwadon girman lamba gwargwadon sirantar allura. Idan ka ba shi fuska sai ya kai ka Sikotilan, ya ba ka labarin likita Thomas Latta da ya ɗura wa masu kwalara ruwan gishiri ta jijiya a 1832. Duk gaskiya ne. Matsalarsa ɗaya: da ya kama hannun mutum mai rai sai nasa hannun ya fara kaɗawa, har mara lafiyar ya koma lallashinsa: "Yi a hankali ɗana, ba sauri muke ba."

Kishiyarsa shi ne Dakta. Ya taɓa zaman kemis ɗin yayansa, 'yan unguwa suka laƙaba masa sunan, shi kuma ya yarda. Ba ya shafa hannu ya ji inda jijiya take, caka kawai yake yi da ƙarfin zuciya. Sai allura ta huda jijiyar ta ɓulla ta ƙasa, wurin ya kumbura nan take. Laifin kuwa bai taɓa zama nasa ba. "Hajiya, jijiyarki ce mai gudu." Ko kuma kanular ce jabu, ko fitilar ɗakin ba ta da haske. Shi ne wanda za ka kama yana ƙoƙarin mayar da allurar cikin robar bayan ya zare ta, abin da aka hana tun ranar farko, domin tsinin na iya yanke robar guntun ya bi jini. A ganina duk cikin ajin shi kaɗai ne abin tsoro, sauran abin dariya ne kawai. Kada a manta, a asibitoci da yawa mai jinya ne ke zuwa ya sayo kanular da kuɗinsa, saboda haka duk wadda Dakta ya ɓata daga aljihun wani ta fita.

Sai Sannu-Mama. Kafin ta goge wurin da auduga ta yi sannu goma. Tausayi ya hana ta soka da sauri, sai ta riƙa tura allurar kaɗan-kaɗan, wanda shi ya fi zafi. Idan yaro ne aka kawo yana kuka, sai a rasa wa za a fara rarrashi.

Mai Murna kuwa yana samun jijiyar, wallahi. Da ya ga jini ya leƙo a gindin kanula sai farin ciki ya ɗauke masa hankali, ya ɗago kai yana neman wanda ya gani. Safar hannun da ya ɗaure damtse da ita tana nan bai kwance ba, bai danne jijiyar ba ya zare allura. Zanen gado, farar rigarsa, takalmin Sista, kowa ya sami rabonsa.

Akwai wadda ba za ka taɓa ganin kuskurenta ba, don ba ta taɓa gwadawa. Da an ambaci kanula ta tafi ɗauko filasta, sai an gama ta dawo. Ƙarshen zango za ka gan ta da littafin shaidar aiki tana bin Sista: "Anti, don Allah ki sa min hannu."

Mafarauci ya fi ba ni dariya. Tun da ya dace sau ɗaya ya daina ganin mutane, jijiyoyi yake gani. A cikin A Daidaita Sahu idonsa na kan hannun direba. A wurin biki kowa na yaba lallen amarya, shi yana raya wa ransa cewa koriya za ta shiga nan ba gardama.

Wadda ake kira idan kowa ya gaza ba ta da surutu. Takan ja kujera ta zauna, ta sa mara lafiya ya sauke hannu ƙasa ya dunƙule, sannan ta bi fatar da ɗan yatsa har ta ji abu mai laushi yana lotsawa yana dawowa. Ta gane da wuri cewa a baƙar fata, ko a jikin wanda amai da gudawa suka ƙarar wa ruwa, ko mai sikila da aka sha sokewa, yatsa ya fi ido gani. In ta gwada sau biyu ba ta samu ba, sai ta ajiye ta kira na gaba da ita, ba ta jin kunya.

Saboda haka, mai karatu, idan ɗalibi ya nufo gadonka da tire a hannu, miƙa masa hannun, don babu wata hanyar koyo. Amma ka ƙirga. In ya yi biyu bai samu ba, ka ce a kira Sista.