Wasiƙa daga ƙasar da biri ya fi mutum gata

Taubashi,

Ya damina, ya ƙafar Inna? Kuɗin taki na turo ta hannun wanda ka sani. Maganar mashin kuwa kada ka sake tayar da ita, ban manta ba, ban kuma shirya ba. Aiki yana nan a mayankar kaji: kaza ta zo in yi bisimilla, wata ta zo in yi bisimilla, har cikin barci yi nake. Ɗan Senegal ɗin da muke ɗaki ɗaya ya fara zargin ko waliyyi ne ni.

To gyara zama. A Birazil biri ya fi ka gata, ya fi ni ma da nake da takardar zama.

Ran Lahadi muka je wani gandun daji a gefen Biraziliya, inda ake wanka a tafki. Na ajiye jakata a gindin bishiya. Sai ga wani ɗan biri, bai fi mage ba, da baƙin gashi a tsaye a tsakar ka, irin wanda Turawa ke kira kafucin. Wallahi ban ƙara gishiri ba: da yatsu ya zuge zif ɗin jakar, ya ture ayaba gefe, ya zaro ledar biskit, ya yage ta da haƙori, ya haye reshe yana ci yana kallona. Ayabar ma raina ta ya yi!

Ka san hannun mutumin Tsafe, kafin in yi tunani har ya kai ƙasa ya ɗauko dutse. Wata tsohuwa ta ƙwalla ihu, mai gadi ya sheƙo a guje. Na ce alhamdulillahi, hukuma ta zo kama ɓarawo. Ashe ni aka zo wa. Wai me ya sa na bar jaka a ƙasa? Suna da doka tun 1998: ka kashe dabbar daji, ko ka kama ta, ko ka ajiye ta a gida ba izini, ɗaurin wata shida zuwa shekara ne, ga tara. Ka musguna mata ma akwai nata hukuncin. Sannan ga allo an kafa, an hana ba birai abinci. Wato ka ba shi sadaka laifi, ka jefe shi laifi, ya ɗauka da kansa kuwa halaliyarsa ce.

Nan take na fara yi maka lissafi. Kai da ka ƙare ƙuruciyarka a gonar Kawu da majajjawa da gwangwani kana gadin masara, in aka sa wata shida a kan kowane biri, sai jikokinka sun ƙarasa maka zaman. Mutumin nan mai zuwa kasuwa da biri cikin 'yar riga yana sa shi rawa, shi kam a ɗaki ɗaya za a rufe ku.

Abin da ya fi ci mini rai, biri an yarda ya riƙe dutse. A jihar Piyawi, a gandun Serra da Capivara, biran nan kan ɗora ƙwallon yazawa a kan dutse su fasa da wani dutsen. A 2019 masana suka ba da labarin sun tona ƙasa sun samo duwatsun da kakanninsu suka yi aiki da su shekara 3,000 da suka wuce. Ni na ɗauki dutse an kira mai gadi, shi ya ɗauka an kira farfesa da kyamara.

Akwai kuma wani gwaji da aka yi a Amurka a 2003. Birai biyu, aiki ɗaya, aka biya ɗaya da inabi, ɗayan da kokwamba. Mai kokwamba ya ga na ɗan'uwansa, ya ƙi karɓa, wani ma jifa ya yi da ita. Da na ji, sai na tuno ranar Sallar da Inna ta ba ni tsoka ta ba ka ƙashi. Biri ya yi kama da mutum, taubashi, ban dai ambaci suna ba.

'Yan Birazil suna da hujjarsu, in za a faɗi gaskiya. Da cutar shawara ta ɓarke a 2017 mutane suka hau kashe birai, hukuma ta riƙa roƙo a bari, don sauro ne ke yaɗa ta, mutuwar birai a daji kuma ita ke fara nuna cutar ta iso. Na ji, na yarda. Biskit ɗina dai har yau ba wanda ya biya.

An ce mini gonar bayan dutse bana ma ba a shiga ba. Kada ka je, ko Kawu ya matsa, ka ce ni na hana. Abin da za ta bayar zan turo.

Kun riga mu da awa huɗu, in na tashi aiki duk kun yi barci, sai in yi ta kallon waya. Ka ɗauko mini muryar Inna ka turo, ko faɗa ne ta yi. In ka samu mai tahowa, a haɗo ni da yaji da ƙuli-ƙuli, a ƙulle da kyau, ban da jaka mai zif.

Naka,
Ɗan gwaggonka na Birazil