Ƙasar waje a kwana uku

Taubashina na wani ƙauye kusa da Dambatta ya gama noman farko, ya ce kafin maimai zai leƙa ƙasar waje. Kwana uku ya ware, birane uku: Damagaram, Maraɗi, Yamai. A bayan buhun taki ya zana tsarin da gawayi. Litinin ya bi ta Daura ya tsallaka Kwangwalam zuwa Damagaram, Talata Maraɗi, Laraba Yamai.

Na ce masa, "Kai Alhaji, daga Maraɗi zuwa Yamai fa ya haura kilomita 600." Ya ce ai mota ce za ta yi gudun, ba shi ba.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne zumunci. A Matamaye, kan hanyar Damagaram, yake da gwaggo, kuma ba a wuce ƙofar gwaggo a ce ana sauri. Aka dama fura. Aka kai shi ta'aziyyar mutum huɗu da suka rasu tun bara, sannan barkar haihuwa biyu, sannan aka nuna masa wata bazawara, wai ko da rabo. Da ya samu ya kuɓuce zuwa tasha, direba ya ce saura mutum ɗaya a tashi. Mutum ɗayan nan bai iso ba sai bayan la'asar.

Ran Alhamis ya dawo da cuku da jaka biyu ta sefa, ya tarar ciyawa ta kusa shanye gyaɗarsa. Yanzu a majalisa Na-Yamai ake kiransa, kuma yana amsawa.